Yadda Ake Raba Ƙaramin Tafki da Kifin da Ba a So

Mai tafki zai zuba 'ya'yan kifi dubu ɗaya, ya yi wata shida yana ciyarwa, ranar kamu taru ya fito da dubu huɗu, amma mafi yawansu ba su wuce tsawon yatsa ba. Wani kuma ya zuba dubu, ya kwashe ɗari uku, tare da wasu ƙattai biyar da bai san da zamansu ba. Matsalar ɗaya ce: akwai bakin da ke ci a tafkin wanda ba a lissafa da shi ba. Da yawa idan sun ga haka, magani suke fara tambaya. Amma magani shi ne matakin ƙarshe, kuma ko an kashe komai na cikin ruwan, muddin ba a toshe ƙofar da kifin ya shigo ta ba, damina ɗaya ta isa ya dawo.

Fara da sanin wanda ke ciki

Kada a taɓa komai sai an yi gwajin kamu. A jefa birgi, wato ragar jifa, sau goma zuwa goma sha biyar a wurare daban-daban, gefe da tsakiya, da sassafe. Da yamma a kafa gura biyu ko uku da ɗan abinci a ciki, a kuma ɗana ƙugiya a bar su su kwana, domin kifayen ƙasa irin tarwaɗa da kurungu da dare suke yawo, birgin safe ba ya cika samunsu. Abin da aka kama a ware shi iri-iri, a ƙirga, a auna, a rubuta.

Ruwan ma yana ba da labari, don ruwa ba ya tsami banza. Idan ya yi jajir ko ya dagule kullum, a ɗebi cikin kwalba mai haske a ajiye kwana biyu. In laka ta kwanta a ƙasa ruwan ya washe, to akwai abin da ke tonon gindin tafkin, galibi kaf (kifin da ake kira carp da Turanci) ko tarwaɗa masu yawa. In ya zauna a dagule, yumɓu ne mai laushi da ke yawo a ruwan, wannan kuwa ba laifin kifi ba ne. Ramuka masu kama da faranti a gefen da ruwa ba zurfi, sheƙar karfasa ce: namiji ne ke haƙa su, kuma ganinsu na nufin haihuwa ta kankama.

Sanin nau'in yana da muhimmanci saboda kowanne da dabarar tsirarsa.

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ita ta fi cika tafki. A ruwa mai ɗumi tana iya fara haihuwa tana da wata biyar ko shida, idan wuri ya matse ma tana yi tun tana 'yar ƙarama. Macen tana ɗauke ƙwai ɗaruruwa a bakinta kamar mako biyu har su ƙyanƙyashe 'ya'yan su yi ƙwari, ba ta cin abinci a lokacin, bayan 'yan makonni ta sake haihuwa. Shi ya sa ake samun tafki cike da tsofaffin kifi masu jikin jarirai. Sau da yawa wannan "baƙon" ba daga waje ya zo ba, jikokin irin da aka zuba ne.

Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye, tana jure caɓi, kuma a daren da aka yi ruwan sama tana iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani ruwa zuwa wani. Babba guda ɗaya da ta rage daga kamun baya za ta iya cinye sabon iri da yawa kafin a farga. Gaiwa ta fi ta wuyar sha'ani: idan ruwa ya janye takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi watanni a haka tana jiran ruwa. Kaf kuwa tono ne aikinsa, yana tumɓuke ciyawar ruwa, yana dagula tafki har hasken rana ya kasa shiga, ƙwansa kuma yana manne wa ciyayi.

Nemo ƙofar kafin a kori baƙo

A zagaya tafkin a duba wurare huɗu. Na farko mashigar ruwa: duk ruwan da ya fito daga rafi, kwata ko madatsa yana ɗauke da ƙwai da 'ya'yan kifi da ido ba ya gani sosai, kuma da yawansu suna ratsa injin ban ruwa da ransu. Na biyu mafita, domin kifi yana son hawa ruwa mai gudu, zai biyo magudanar ya shigo ta bututun da ake zubar da ruwa. Na uku ganuwar tafkin, inda ambaliya ke tsallakewa ko inda ɓera da kaguwa suka yi rami. Na huɗu hannun mutum: irin da aka sayo a gauraye, ragar da aka yi aiki da ita a wani ruwa ba a shanya ba, ciyawar ruwa da aka dasa da ƙwai a jikinta, ko kifin ado da wani ya gaji da shi ya sako.

Akan ɗora wa tsuntsaye laifi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: a 2020 masu bincike a ƙasar Hangari sun ciyar da agwagin ruwa ƙwan kifin dangin kaf kimanin 8,000, guda 18 suka fito ta kashinsu ba su lalace ba, kaɗan daga ciki ma suka ƙyanƙyashe. Amma wannan ƙofa ce ƙarama ƙwarai. Wanda bai sa raga a bututunsa ba, kada ya tsaya zargin agwagwa.

Toshewar ga yadda take. A bakin bututun shiga a sa mataci hawa biyu: ragar waya mai manyan ido a gaba don tare ganye da itace, sannan dogon buhun raga mai laushi, mai ido kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, a ɗaure shi a ƙarshen bututun kamar safa. Ya kai tsawon mita ɗaya zuwa biyu. Tsawon nan ba ado ba ne: gajeren buhu yana toshewa da sauri, ƙarfin ruwa ya yage shi, duk abin da ya tara ya zube ciki lokaci ɗaya. A ɗaure gindinsa da igiya yadda za a kwance a zazzage kullum, kuma a zazzage shi a kan busasshiyar ƙasa nesa da tafkin. Bututun ya tsaya aƙalla santimita 30 sama da fuskar ruwa yadda ruwan zai riƙa zubowa. Mafita ita ma a sa mata raga, kuma bakinta na waje ya kasance a sama da ruwan magudana. Ganuwa ta ɗara ruwa da santimita 40 zuwa 50, a haƙa lambatu a bayanta da zai karkatar da ruwan sama. Inda tarwaɗa ke tsallakowa, a kewaye tafkin da raga mai tsayin rabin mita, a binne gindinta santimita 10 a ƙasa.

Ragewa ba tare da zubar da ruwa ba

Idan kifin da ake so har yanzu shi ya fi yawa, ba dole sai an rushe komai ba. Sai dai a sani wannan hanya ragewa take yi, ba ta ƙarewa.

Taru shi ne kayan aiki na farko. Tsawonsa ya kai faɗin tafkin sau ɗaya da rabi, zurfinsa ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi zuwa biyu, don ya yi ciki yayin ja. Idon ragar ya dace da abin da ake farauta: don 'ya'yan karfasa, santimita ɗaya ko ƙasa da haka. A daina ba da abinci kwana ɗaya kafin ranar, a yi aikin da sanyin safiya, a ja daga wuri mai zurfi zuwa mara zurfi, a hankali. Igiyar dalma ta ƙasa ita ce sirrin aikin. Karfasa tana kwanciya a gefenta cikin ramin sheƙa, taru ya wuce ta kanta, don haka mutum ɗaya ko biyu su bi bayan ragar suna danne igiyar da ƙafa. Wasu su ɗaga igiyar sama da hannu saboda masu tsalle. Ja biyu ko uku a rana sun isa. Fiye da haka laka za ta tashi ta toshe kunnuwan da kifi ke numfashi da su, a rasa waɗanda ake son tsirarwa. A maimaita bayan mako biyu zuwa uku.

Kaf da manyan tarwaɗa suna koyon raga da wuri, kifi na ganinka mai jar koma. Dabarar ita ce a saba musu da cin abinci a kusurwa ɗaya, lokaci ɗaya, har mako guda, sannan ranar kamu a zagaye kusurwar da taru suna tsakiyar ci. Kalli, wato ragar da ake kafawa a bar ta a ruwa kifi ya maƙale a ciki, in mai manyan ido ne yana kama manya ya bar ƙanana, amma ba ya zaɓe tsakanin wanda ake so da wanda ba a so, kuma kifin da ya daɗe a ciki mutuwa yake, don haka a riƙa duba shi kowace awa biyu ko uku.

Rage ruwa da kashi ɗaya cikin uku na 'yan makonni yana busar da sheƙar gefe, yana kuma fito da ƙananan kifi daga cikin ciyawa zuwa inda manya za su same su. Haɗarinsa iska ce: kifi da yawa a ruwa kaɗan. A duba tafkin da asuba, lokacin da oksijin ya fi ƙaranci. In an ga kifi sun taso suna haɗiyar iska a sama, a ƙara ruwa nan take, a tsayar da abinci.

Sai saka mai cin kifi. Ana yawan haɗa tarwaɗa ɗaya da karfasa biyar zuwa goma don ta riƙa cinye 'ya'yan. Abu biyu ke ɓata wannan. Idan aka saka tarwaɗar da bakinta zai iya haɗiye irin da aka zuba, da shi za ta fara, don haka a bar karfasa ta yi wata ɗaya ko biyu tukuna, a saka tarwaɗa ƙarama. Kuma tarwaɗar da ta ƙoshi da abincin buhu ba ta wahalar da kanta da farauta. Abin da bai kamata a yi ba ko kusa shi ne kawo mafaraucin da ba ɗan ruwan yankin ba ne. Giwan ruwa da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya hallaka nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa da babu su a ko'ina a duniya sai can, kuma babu ƙaramin tafkin da ambaliya ba ta iya haɗa shi da rafi.

Zubar da ruwa da shanya tafki

Idan gwajin kamu ya nuna baƙi sun rinjayi na gida, ko akwai gaiwa, ko an gama kamu za a zuba sabon iri, wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas, kuma ta fi kowace aminci. A yi ta a lokacin da ba a ruwan sama.

A fara tanadar inda za a ajiye kifin da ake so: tanki ko kejin raga a wani ruwa mai tsabta. A rage ruwa zuwa rabi, a ja taru, a sake ragewa, a sake ja. Bakin bututun injin a rufe shi da raga, ruwan da ake fitarwa kuma ya bi ta buhun tacewa ya zube a fili, ba a rafi ba. Waɗanda za a mayar a zaɓe su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Macen karfasa da ta ji hannu tana tofar da ƙwai ko 'ya'yan da ke bakinta, saboda haka ruwan bokitin zaɓe kada ya koma tafki.

Bayan ruwa ya ƙare a tsince abin da ya rage a caɓi, a yanka ƙananan hanyoyi daga kowane kwari zuwa wuri mafi zurfi don ragowar ruwan ya taru waje ɗaya. A nan aiki ya fi lalacewa. Sawun ƙafa ɗaya mai riƙe da ruwa ya isa ya raya 'ya'yan karfasa na kwanaki, kuma mace biyu da namiji ɗaya sun isa su mayar da tafkin yadda yake.

Tun ƙasa tana da danshi a watsa farar ƙasa. A duba abin da aka rubuta a buhu, don iri uku ne. Ƙonanniya, mai alamar CaO, da wadda aka shayar da ruwa, mai alamar Ca(OH)2, su ne ke ɗaga ma'aunin pH (awon tsami ko kanwar ruwa da ƙasa) ya haura 10, su kashe kifi da ƙwai da ƙwayoyin cuta. Ta noma, mai alamar CaCO3, gyaran tsamin ƙasa kawai take yi, ba ta wuce pH 8 da ɗoriya, ba ta kashe komai. Ma'auni ga iri biyun farko shi ne giram 100 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Tafki mai mita 20 da mita 10 murabba'in mita 200 ne, zai ci kilo 20 zuwa 40, a fi zubawa a kwari da inda caɓi ya yi kauri. A busasshiyar ƙasa ba ta aiki sosai, kuma buhun da ya daɗe a buɗe ya sha iska ƙarfinsa ya tafi. Tana ƙona fata, tana iya makantarwa: a sa takalmin roba, safar hannu, tabarau da abin rufe hanci, a juya wa iska baya. In za a dama ta, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa, saboda zafin da take fitarwa.

A bar tafkin a rana mako biyu zuwa uku har ƙasa ta tsattsage. Inda ake zargin gaiwa, a nemi ƙananan ramukan numfashinta a fuskar laka a tona. In ba a gamsu ba, a sako ruwa ɗan kaɗan, kamar santimita 10, a bar shi kwana biyu ko uku. Za ta farka ta fito, a kama ta, a sake busarwa.

Idan ruwan ba ya zubuwa

Wasu tafkunan idon ruwa ne a ƙarƙashinsu, ana fitarwa yana tsattsafowa. A nan ne kaɗai magani yake da gurbi, kuma sai an tambayi hukumar kula da kifi ko muhalli, domin a ƙasashe da dama doka ta hana zuba shi ba izini. A Amurka, alal misali, mai lasisi kaɗai ke sayen maganin kashe kifi mai suna rotinon ya yi aiki da shi.

Komai ya dogara da sanin yawan ruwa. A auna zurfi da sanda a wurare tara ko fiye, a haɗa, a raba da yawan wuraren. Tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi shi ne kubik mita. Tafkin nan mai mita 20 da 10, in zurfinsa mita 1.1 ne, kubik mita 220 ke nan. In aka janye ruwan ya koma santimita 30, saura kimanin kubik mita 60. Shi ya sa ake rage ruwa tukuna: magani ya ragu, kuma tafkin ba zai tumbatsa ya kai guba waje ba. A toshe mafita gam.

Hodar kulorin mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari ana sa kimanin giram 35 a kowane kubik mita, wato kilo 2 da ɗan ɗori ga kubik mita 60. A narkar a bokitin roba, a watsa ko'ina da yamma don rana tana karya ta. Laka da dagulallen ruwa suna shanye ƙarfinta. Kada a haɗa ta da taki, mai ko wani sinadari a mazubi ɗaya. Ƙarfinta yakan gushe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Rotinon daga saiwar wasu tsirrai ake samunsa, dangin magimfa. Yana shiga ta kunnuwan kifi ya hana ƙwayoyin jikinsa amfani da oksijin. Wanda ake sayarwa mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ana sa giram 1 zuwa 4 a kubik mita gwargwadon taurin kifin, kuma abin da ke jikin kwalin shi ne abin bi. Kaf da dangin tarwaɗa suna bukatar ma'auni na sama. A tsarma shi da ruwa mai yawa, a fesa har cikin ciyawa da lungu, domin duk inda sabon ruwa ke ɓuɓɓugowa nan kifi zai fake ya tsira. Ba ya kashe ƙwai yadda ya kamata, don haka wani lokaci sai an maimaita bayan mako biyu. A ruwa mai ɗumi da rana yana lalacewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a ruwa mai sanyi yana iya wuce wata. Mai fesawa ya rufe jikinsa da hancinsa da gaske: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya danganta yawan aiki da shi da cutar Fakinsin mai sa karkarwa. A hana dabbobi shan ruwan har sai ya washe.

Maganin ƙwarin gona kuwa haramun ne ga tafki. Irin su lindan da endosalfan suna zama a laka da tsokar kifi tsawon lokaci, suna bin ruwan ƙasa, har yarjejeniyar Istokholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta saka su a jerin waɗanda za a kawar, na farko a 2009, na biyu a 2011. Wanda ya zuba su ya ɓata tafkinsa, ya kuma jefa masu cin kifin cikin haɗari.

Duk kifin da magani ya kashe ba na ci ba ne, ba na dabba ba ne. A kwashe shi kullum har ya daina tasowa, don ruɓewarsa tana cinye iskar ruwan. A binne a rami mai zurfin fiye da rabin mita, nesa da rijiya, a barbaɗa farar ƙasa a kai. Wanda aka kama da raga kafin a zuba magani kuwa lafiyayye ne, a yi amfani da shi, amma kada a sake shi da rai a wani ruwa.

Mayar da ruwa da sabon iri

A cika tafkin ta cikin buhun tacewa tun daga ɗigon farko. Bayan farar ƙasa a jira pH ya sauko ƙasa da 9, a auna da safe da takardar gwaji. Ko an yi farar ƙasa ko magani, gwajin keji wajibi ne: a sa kifi biyar zuwa goma a ƙaramin keji, a nutsar da shi kusa da ƙasa a wuri mafi zurfi, a bar su awa 48. In ɗaya ya mutu ko suna juyi, a ƙara mako guda a sake.

Sabon irin a zuba shi a faffadan baho a dube shi kafin ya shiga, a cire duk wanda kamarsa ta bambanta ko ya fi 'yan'uwansa girma nesa ba kusa ba. Ga karfasa, maza zalla su ne mafita, kuma sun fi mata saurin girma. Wuraren ƙyanƙyasa suna sayar da su, amma ba a rasa 'yan mata ƙalilan a ciki. Ana iya tantancewa da hannu idan kifin ya kai giram 30: a bayan dubura akwai ɗan tsiro, na namiji ƙofa ɗaya gare shi a ƙarshe, na mace yana da ƙarin tsaga a gicciye. Ɗigon shuɗin tawada a wurin yana fito da tsagar fili. Wata hanyar ita ce kiwon su a kejin da ke lilo bai taɓa ƙasa ba, inda ƙwan ke zubewa ta idon raga kafin macen ta ɗauka.

Mako shida bayan zubawa a sake jefa birgi, sannan kowane wata, da kuma bayan duk wani babban ruwan sama. A kwatanta da lissafin abin da aka zuba. Idan aka ga ɗan kifin da ya gaza irin da aka saka girma, a ranar a kwance buhun tacewa a duba ko ya yage, a bi ganuwa taku-taku, a kuma ja taru mai ƙananan ido a gefen tafkin kafin ƙananan kifayen su kai wata biyar.